Ƙofar Baya a Akwatin Dela Mai Hoto

Dela Mai Hoto ba ta iya zama ba, wannan duk Kazaure an sani. Ka ba ta kujera, sai ta ɗosana a bakin-baki, ƙafa na kaɗawa, ido na kan ƙofa, kai ka ce ta bar tukunya a kan wuta a wani gari. Shayi ma a tsaye take sha. Mijinta Malam Ahmad, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, kuma ya daɗe da daina ce mata ta huta, don ya lura faɗin ma gajiyar da shi yake yi.

A Roni aka haife ta, bayan maza sun yi ta zuwa a jere, shi ya sa aka laƙaba mata Dela. Sunan yanka Hafsatu ne, amma in ka kira ta da shi sai ta waiwaya ta ga da wa kake. Babanta manomi ne mai 'yan shanu. Ta yi firamare, ta yi sakandare, aka yi mata aure ta tare a Kazaure, kowa ya zaci shi ke nan, za ta zauna ta riƙa ƙulla gyaɗa da alawar madara kamar sauran mata. Ina! Wanta Hamma ya dawo daga Legas da wata kamara mai fim, ya yi wasa da ita har ya gaji, ya yar a kan wadirob. Dela ta ɗauke. Ta ɗauki yara, ta ɗauki awaki, ta ɗauki surukarta tana tsakar atishawa, abin da ya kusa ja mata yaji.

Ranar da abin ya zama sana'a, wani bikin maƙwabta ne. Ana tsakiyar sa lalle, mata sun saki jiki, an tuɓe mayafai, kiɗan ƙwarya ya yi daɗi, sai ga mai hoto namiji ya yi sallama ya faɗo tsakar gida. Wuri ya hargitse. Wannan ta rarumi zanin wata, waccan ta faɗa ɗakin girki, amarya ta kifa kai a cinyar ƙawarta. Gwaggon amarya ta kore shi da tsawa, sannan ta juyo tana haki ta ce, “Ke Dela, ba kina da irin wannan abin ba? Je ki ɗauko mana!”

Tun daga ranar ba ta sake hutawa ba. Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, Yankwashi, duk inda ake bikin da ba a son namiji ya leƙa, Dela ce. Tana bayan acaba, jaka a ƙirji, tana dukan kafaɗar ɗan acaba ya ƙara wuta. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai a zamanin fim: dole a kai Kano a wanke, kuma maza ne masu wankin. Da kamarar zamani ta fito, ta sayar da tumakinta ta saya, ta haɗa da injin buga hoto, ta kama shago a jerin shagunan da ke kusa da tasha. Daga nan ne ta fara alƙawarin da aka san ta da shi. Duk gidan da ta shiga sai ta dafa ƙirji ta ce, “Idon namiji ba zai sauka a kan hotonki ba, sai wanda ke kika nuna wa da hannunki.” Kuma ta riƙe. Malam Ahmad kansa iyakarsa bencin ƙofar shago.

Da wayoyi masu kamara suka cika gari, an yi ta yi mata jaje tun kafin gawa ta faɗi, wai sana'arta ta mutu. Sai aka samu akasi. Bidiyon matan aure suna rawa ya riƙa yawo a wayoyin samari, aure ya mutu a wasu gidaje, sai manyan mata suka kafa doka: ranar lalle ba mai ɗaga waya, kamarar Dela kaɗai aka yarje wa. Ba hoto kawai take sayarwa ba, ita ma ta sani. Abin da ake kiranta dominsa shi ne, in ta shigo, mace tana iya zare mayafinta ta ce, “Ai Dela ce.”

Hotuna suka yi yawa, wurin ajiya ya zama matsala. Wata rana faifan ajiyarta ya mutu da bikin wasu mutanen Babura gaba ɗaya a ciki, ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Shi ne ta nemi Nafi'u, magidanci mai gyaran kwamfuta, wanda rabin shagunan garin ke kira in abu ya rikice. Ya je Kano ya samo mata wani baƙin akwati, bai fi girman ƙaramin janareto ba, ya ce da Turanci ana ce masa saba. Ya yi mata bayani yadda za ta gane. Akwatin rumbu ne, kowane biki da ɗakinsa. A ciki akwai wata manhaja, aikinta gadi: tana riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su shiga, da ɗakin da kowa zai iya buɗewa. In ba ka faɗi sunanka da kalmar sirrinka ba, ko inuwar hoto ba za ka gani ba. Suna ɗaya aka sa, nata.

Da zai tafi ya ɗaga yatsa ya ce, “Yaya Dela, na san ki da garaje. Duk abin da ya fito a allon nan da ba ki gane ba, kar ki danna. Ki rufe, ki kira ni.”

Dela ta sa akwatin a ƙuryar shago, ta sa kafinta ya yi masa keji, ta datse da kwaɗo irin na shagon gwal. Har rufi ta ɗinka masa mai fulawoyi, irin wanda ake lulluɓe talabijin. In ta kulle shago da yamma sai ta jijjiga kwaɗon, ta fita, ta dawo ta sake jijjigawa. A ganinta duk Jigawa babu amanar da aka tsare kamar wannan.

To, sai aiki ya kira Nafi'u Damagaram, wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi haɗa kwamfutocin ofisoshinsa, tafiyar da aka ce ta sati ta koma watanni. A bayansa ne masu shagunan jerin suka yi shawara su haɗa hannu su sa sola ɗaya da layin intanet ɗaya, kowa ya ja. Daudu ne ya kawo maganar, maƙwabcinta na jikin bango, mai shagon da ɗalibai ke cika suna rajistar jarrabawa, suna buga takardu, wasu kuma su yi hayar kwamfuta su zauna suna danne-danne. Dela ba ta ma tsaya tunani ba. A ce duk layi an haɗu, ita kaɗai ta ware? Mutanen da take aron tsintsiyarsu, suke karɓar mata saƙo in ba ta nan? Haba. Mai jan waya ya zo, ya huda bango, ya tambaye ta ko a haɗa har da akwatin ƙurya. Ta ce a haɗa komai, kar a bar komai a baya, tana sauri za ta Yankwashi.

Kusan a lokacin ne wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fara fitowa a kusurwar allonta kowace safiya, da Turanci, da maɓalli a ƙarƙashinsa. Dela ta tuna gargaɗin Nafi'u. Ta kira shi, layin Nijar bai shiga ba. Sai ta rufe. Washegari ya sake fitowa, ta rufe. Haka ta yi ta yi har abin ya zama mata kamar korar ƙuda, tana ma yaba wa kanta, wai yau ga Dela ta ji magana.

Wata safiya da hantsi, ana shirin shiga kaka, Daudu ya yi sallama a ƙofarta ya ƙi shigowa. Mutumin da kullum yake zuwa da tsokana, yau ya tsaya yana murza hularsa a hannu, idonsa a kan dakali.

“Hajiya Dela, wata magana ce.”

“To faɗi mana, Malam Daudu, ina da aiki.”

“Kwamfutar can ta lungu a shagona. Wani ya tashi ya bar ta a buɗe. Na je zan kashe, sai na ga sunaye a jere. Lallen wance, Roni. Kamun wance, Babura. Na ce ai wannan irin rubutun Hajiya ne.” Ya sake murza hular. “Na danna ɗaya, don in tabbatar. Wallahi ɗaya tak na gani na rufe.”

“Me ka gani?”

“Wata tsohuwa ce tana rawa. Kanta ba ɗankwali.”

Dela ba ta san lokacin da ta isa ƙurya ba. Kwaɗon na nan daram, rufin fulawoyi ko motsi bai yi ba, 'yan fitilun akwatin suna ƙyaftawa abinsu. Ta zura hannu ta bayan keji ta fisge duk wayar da ta taɓa, har da ta fanka. Sannan ta tsaya a tsakiyar shago da wayoyi a hannu, gumi na bin bayanta, tana maimaita innalillahi. Ta san tsohuwar. Ba sai an faɗa mata ba.

Inno ce, ta Gwiwa. Matar wani malami da ya rasu, ita ke karantar da matan aure Alƙur'ani a tsakar gidanta, kuma ko jikokinta ba kowa ya taɓa ganin gashinta ba. Ita ta riƙe jikarta Shahida tun da uwarta ta mutu ta bar ta a zanin goyo. Ranar lallen Shahida, da kiɗa ya kai wani wuri, Inno ta ajiye carbi ta miƙe. Mata suka yi tsit, sannan guɗa ta ɓarke. Ta taka, ta juya, ɗankwalin ya zame ya faɗi, farin gashi ya bayyana, ba ta ko sunkuya ba. Dela ta sauke kamara don kunya, sai tsohuwar ta yafito ta tana dariya ta ce, “Ɗauka, 'yar nan. In na mutu su san na taɓa yin murna. Ai ke ce.”

Kwanakin da aka yi ana jiran Nafi'u, kar Allah ya maimaita. Dela ta kira shi har wayarta ta yi zafi, da ta same shi ta yi masa ihu sai da ya ce zai hau motar farko. Ba ta ci abin kirki ba. Ta share shago, ta sake sharewa. In ta fito ƙofa ta ga samari sun haɗa kai a kan waya suna dariya, sai ta bi ta bayansu kamar mai wucewa tana leƙe, ta tarar ƙwallo suke kallo. Duk saƙon da ya shigo wayarta sai ta yi addu'a kafin ta buɗe.

Nafi'u ya iso da ƙurar hanya a gira, ko gida bai biya ba. Ya haɗa akwatin da kwamfutarsa shi kaɗai, ya daɗe yana dannawa, Dela na zagaye shi kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Can ya jingina da bango ya ce, “Mai gadin ne ke da lalura.”

“Yi min Hausa, Nafi'u.”

“Manhajar da na ce miki tana tambayar suna. An gano tana da wani kuskure tun daga wurin waɗanda suka ƙera ta. In mutum ya zo ta ƙofar gaba, za ta tambaye shi suna da kalmar sirri. Amma in ya zo ya bar wurin sunan fayau, ya ce shi baƙo ne kawai, sai ta rikice ta ɗauke shi ɗan gida, ta buɗe masa kowane ɗaki. Lokacin da akwatin ke shagonki shi kaɗai, ba wanda zai iso ƙofar ma. Da aka huda bangon nan, duk wanda ya zauna a shagon Daudu yana tsaye ne a ƙofarki.”

“Su masu ƙera ta ba su sani ba?”

“Sun sani. Sun yi gyara sun aiko tun tuni.” Ya nuna kusurwar allon. “Ba ki ga wani rubutu mai ruwan ɗorawa yana fitowa ba?”

Dela ta dube shi. Wallahi da akwai taɓarya kusa da ba a san abin da zai faru ba. “Kai ka ce kar in danna! Kai da bakinka! Sau ɗaya a rayuwata na ji maganar wani, ka ga inda ta kai ni!”

Nafi'u bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, da ya kamata ya nuna mata bambanci. Ya sa gyaran, ya raba akwatin da layin maƙwabta, duka bai ɗauki tsawon shan shayi ba, kuma wannan saurin ya fi komai ƙona mata rai. Sannan ya duba abin da akwatin ya riƙe na shige da fice. Tun cikin damina ake shiga. An buɗe ɗakuna da dama an leƙa. Ɗaya ne aka kwashe gaba ɗaya aka tafi da shi, na lallen Shahida.

“Wa?”

“Kwamfutar lungu kawai ta nuna. Kin san shagon Daudu, ba a tambayar kowa suna. Ɗalibi ne, matafiyi ne mai jiran mota, Allah kaɗai ya sani.”

“A dawo da su.”

“Yaya Dela, abin da aka kwafa ba ya dawowa.”

Shawarar da maza uku suka ba ta iri ɗaya ce. Nafi'u ya ce an toshe, kuma tunda har yau ba a ga komai a waya ba, wataƙila wanda ya kwasa ya duba bai ga abin da yake nema ba ya goge. Daudu ya rantse maganar ta mutu a cikinsa. Malam Ahmad ya ce a hankali, “Dela, in kin faɗa me zai gyaru? Ki tayar wa tsohuwa hankali a banza, ki kashe sana'arki da hannunki. Ki bar wa Allah.”

Ta gwada, a yi mata adalci. Ta je wani biki a Yankwashi da bakinta a rufe. Tana shiga tsakar gida wata matar aure ta hango ta, ta zare hijabi ta jefa a igiya ta ce wa 'yan'uwanta, “Ku sake, ai Dela ce.” Dela ta ɗaga kamara. Rabin hotunan ranar sun fito dishi-dishi, abin da bai taɓa faruwa da ita ba ko tana koyo. Ta dawo gida ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta wanke kayan da aka riga aka wanke. Tsoron kar hoton ya fito yana cin ta, amma abin da ya fi cin ta shi ne Inno na can tana karantar da mata, ba ta san wani ƙato na yawo da farin gashinta a aljihu ba.

Da safe ta ɗauki mayafi. Malam Ahmad ya dube ta ya ce, “Gwiwa?” Ta ce Gwiwa. Ya ce Allah ya tsare.

Hanyar ta yi mata tsawo. Gero ya nuna a gonaki, ana ta yanka, mutane na ɗaga mata hannu don sun san ta, ita kuwa tana bayan acaba tana shirya magana tana rushewa. Sau da dama ta buɗe baki za ta ce a juya.

Ta tarar da Inno a kan tabarma a inuwar darbejiya, an tashi karatu ke nan. Shahida ma na nan, ta zo wuni da jaririnta. Dela ta tuɓe takalmi ta durƙusa. Aka shiga gaisuwa, gida, yara, maigida, gajiya, amfanin gona, mutanen Roni, Dela na amsawa. Aka kawo fura da nono. Ba ta taɓa ba.

“Inno, laifi na zo faɗa.”

Ta faɗa duka, ba ta ɓoye ko ɗaya ba, ba ta kuma jingina wa Nafi'u ba. Tsohuwar ta saurara da kai a karkace.

“Ɓarawo ya fasa shagon ke nan?”

“A'a, Inno. Kwaɗon na nan.”

“To ta ina ya shiga?”

“Ta cikin waya. Ta bango.”

Da alama Inno ta bar wannan, ba shi ne damuwarta ba. “Wa ya gani?”

“Ban sani ba.”

“Mutum ɗaya ne, ko da yawa?”

“Ban sani ba, Inno.”

“Ɗan garin nan ne? Cikin waɗanda ke durƙusawa su gaishe ni?”

Hawaye ya zubo wa Dela. Ta ga hannun tsohuwar ya tashi a hankali ya ja bakin mayafi ya sauko da shi har gira, alhali ba kowa a gidan sai mata.

Shahida ce ta fashe. “Anti Dela, kin san irin kayan da ke jikina ranar! In ya faɗa wayar abokan mijina fa? Ke kika dafa ƙirji a tsakar gidan nan!”

“Ya isa,” in ji Inno. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, “Da kin yi shiru ba mai sani. Kin tako da ƙafarki kin faɗa. Na yafe miki, duniya da lahira. Sha furarki.” Da Dela za ta tafi, tsohuwar ta ƙara da cewa bikin Sadiyya, ƙanwar Shahida uba ɗaya, yana nan da an gama kai amfani gida, ta zo da kamararta.

Dela ta fito kamar an sauke mata buhu daga ka. Ƙarfin da ta samu ya sa ta bi sauran gidajen da aka leƙa ɗakunansu, Roni, Babura, cikin Kazaure, tana durƙusawa tana faɗa. Wasu sun zage ta. Wata a Babura ta sa ta goge komai a gabanta. Wasu sun ce Allah ya kiyaye gaba, amma da bikinsu ya zo ba a kira ta ba. Labari ya zaga, kamar yadda Malam Ahmad ya faɗa. Hoton kuwa har yau ba wanda ya ce ya gan shi a wata waya, kuma ba wanda zai iya rantsewa ba ya nan. Dela ta riƙe abu ɗaya: Inno ta kira ta. In gidan Inno ya karɓe ta, sauran za su biyo.

Ranar lallen Sadiyya ta isa tun azahar, batir a cike, ta ɗaura sabuwar atamfa. Aka tare ta da fara'a, aka ba ta wuri mai kyau, aka cika mata kwano. Gida ya cika da mata maƙil. Masu kiɗa na gefe, ƙoren na kife a cikin ruwa, 'yan sandunan kiɗa na ajiye a kan tabarma.

Ta fara aiki. Amarya ta zauna da mayafi har ƙirji, ta miƙo hannu aka ɗauki lalle. Ƙawaye suka jeru a bayanta cikin hijabai, suka yi murmushi. Gwaggwanni suka jeru. Inno ta zauna a tsakiya, jikokinta a kewaye, ta kalli kamara sosai, ba fushi ko kaɗan a fuskarta. Dela ta ɗauka ta nan, ta ɗauka ta can, ta hau turmi, ta sauko. Ta yi barkwancin da ta saba, wai amarya ta saki fuska ko angon ya zaci an yi masa musanya. Aka yi dariya. Ta dubi masu kiɗa ta ce, “Yau ƙoren azumi suke yi ne?” Aka sake dariya. Ba wadda ta ɗauki sanda, kuma igiyar shanya da aka saba lodawa da mayafai tana nan fayau.

Ta ce a ranta wataƙila sai an yi la'asar. Aka yi la'asar. Mata suka dawo suka zauna, suna hira ƙasa-ƙasa, wasu na gyara zama, 'yan mata na satar kallonta suna kau da kai. Ta sake ɗaukar waɗanda ta riga ta ɗauka. Ta ɗauki kwanukan abinci. Ta ɗauki akwatunan amarya.

Sai Shahida ta zo da leda a hannu, ta rusuna a gabanta cikin ladabi.

“Anti Dela, kin gama?”

“Saura in an fara...”

“Inno ta ce a sallame ki da wuri, kar yamma ta yi miki a hanya. Ga wannan, alkaki ne da nakiya, a kai wa yara. Ta ce ta gode ƙwarai, Allah ya saka.”

Dela ta dubi inda tsohuwar take. Inno ta ɗaga mata hannu ta ce ta gaida maigida da mutanen Kazaure. Dela ta ce za su ji. Ta sa kamara a jaka, ta ja zif, ta rataya, ta bi ta tsakanin tabarmi ana yi mata sai an jima ta kowane gefe. Shahida ta raka ta har zaure, ta koma, ta turo ƙofar cikin gida ta sa sakata.

Ba ta kai bakin titi ba ta ji an buga ƙwarya. Ta biyu ta amsa, sannan duka suka ɗauka, guɗa ta tashi har awakin ƙofar gida suka watse. Wata murya a ciki tana ihu, “Ku ba ta fili! Ku ba Inno fili!”

Ɗan acaban da ya kawo ta yana jira a gindin bishiya. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya saurara, ya dube ta da mamaki.

“Hajiya, ba yanzu aka fara ba?”

Dela ta gyara jakar a ƙirjinta ta hau.

“Mu tafi,” ta ce.